Za a iya zuba sabuwar roba a gyara tsofaffin kayan aikin shago? Amsa ga ƙanena na wajen Ringim

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya sa albarka a abin da ya bari. Na ga tambayarka, ka ce ka gaji shagon kafinta a ƙauyenku, kayan aikin tsofaffi ne 'yan Ingila, ƙarfensu garau amma robobin jikinsu sun gama aiki: mariƙin filen na hannu ya karye gida biyu, ƙwallayen roba uku da ke kan hannun injin huda na tsaye saura ɗaya, tsohuwar diril ta hannu jikinta ya tsage kuma marfin burushi ɗaya, wato mai danne ɗan kabon da ke kai wa motar diril ɗin wuta, ya ɓata, sai wata farar giya a cikin ƙaramin injin goge katako da haƙoranta suka zube. Kana so ka sani ko za ka iya narka jarka a gawayi ka zuba su duka.

Toh gaskiya a cikin abu huɗun nan ɗaya ne kawai zan ce maka je ka zuba hankalinka kwance, wato ƙwallayen nan. Sauran ukun kowanne da hanyarsa daban. Dalili kuwa shi ne zubi siffar abu kawai yake kwafo maka, ba ya kwafo irin robar da kamfani ya yi amfani da ita, kuma su kamfanin ba da ka suka zaɓi robar ba, sun duba zafin da za ta sha da nauyin da za ta ɗauka da ko wuta za ta bi ta kusa da ita. Saboda haka kafin ka sayi komai ka ɗauki kowane yanki ka tambayi kanka wane aiki yake yi a jikin injin, hannu ne kawai yake riƙe shi, ko juyawa yake, ko zafi yake sha, ko shi ne tsakaninka da lantarki.

Bari in fara da maganar jarka tunda ita ce a ranka. Robobi gida biyu ne. Akwai wadda in ta ji wuta ta yi laushi in ta huce ta daskare, ka sake ɗumama ta ta sake laushi, kamar kitse. Akwai kuma wadda sau ɗaya take daskarewa ba ta komawa, kamar ƙwan da aka dafa, in ka matsa mata da wuta sai dai ta ƙone. Jarka da bokiti da kujerar roba 'yan gidan farko ne. Baƙaƙen ƙwallayen nan na injin hudarka kuwa in dai tsohon yayi ne, mafi yawa 'yan gida na biyu ne, ita ce ake kira Bakelite, wani masanin sinadarai ɗan asalin Beljiyam mai suna Leo Baekeland ya haɗa ta a Amurka a 1907, kuma ita aka daɗe ana yin makunnin wuta da mariƙin ayan guga da marfin distiribita na mota da ita saboda ba ta tsoron zafi ba ta ba wuta hanya. Gane ta ba wuya, ka goga ta da yatsa sosai har ta yi ɗumi ko ka tsoma ta a ruwan zafi ka shinshina, za ka ji wani wari irin na maganin asibiti. In kuma tsohon sukundireba ne mai mariƙi ja ko ruwan ɗorawa da ake ganin ciki, ka buɗe akwatin ka ji yana warin amai, wannan wata roba ce daban da ake yi daga sinadarin itace da auduga, ruɓewa take a hankali kuma abin da take fitarwa yana sa ƙarfen da ke kusa da ita tsatsa, ka ware shi daga sauran kayan.

Ita robar jarkar man gyaɗa, in ka juya gindinta za ka ga lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku ko an rubuta HDPE, tana fara narkewa a wajen digiri 130, ana aiki da ita a 170 zuwa 180. Matsalar ita ce ba ta taɓa zama ruwa, danƙo take zama mai kauri mai yauƙi, ba za ka tsiyaya ta ta bi lungu da saƙo na mol, wato mazubin da ke ba ta siffa, da kanta ba. Kamfanonin roba na Sharada da Challawa da kake ganin kayansu jibge a Ƙofar Wambai, inji ne yake tura narkakkiyar robar da ƙarfin tsiya cikin mol na ƙarfe, matsin da ba ka da shi a shago. In ka ɗora ta kai tsaye a gawayi kuwa ƙasan zai ƙone ya yi baƙi saman bai ma yi laushi ba, abin da za ka samu gaggautsa zai yi. Ba wai ba ta da amfani ba ne fa. In ka wanke jarkar tas ka yayyanka ƙanana, ka zuba a gwangwanin ƙarfe ka ɗora gwangwanin a cikin yashi mai zafi don wutar ta game ko'ina, sannan ka danne da faifan ƙarfe ka matse da jak ɗin mota ko bayis har ta huce, za ka samu dunƙule mai kyau wanda zarto da filen suke ci lafiya lau. Da shi ake yin kan gudumar da ba ta ɓata katako, da ƙafar inji, da bushin da ba ya ɗaukar nauyi sosai. Ka ga nan sassaƙa ka yi ba zubi ba, kuma ka sani tana tsukewa wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari in ta huce, kuma babu gam ɗin da yake kama ta da kyau. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka kuskura ka haɗa da fayif ɗin ruwa ko bawon waya, su PVC ne lamba 3, hayaƙinsu asid ne yana cin huhu yana sa duk ƙarfen shagon tsatsa. Kuma ba a tukunyar girki ba.

Zubin da zai yi maka aiki na sanyi ne, babu wuta a ciki sam. Ruwa biyu ake haɗawa su daskare da kansu, shi ake ce wa resin, mol ɗin kuma na silikon ne, wata roba mai laushi da ake kwaɓawa ta daskare. Tunda ƙwallo ɗaya ya rage maka ai ka yi sa'a, shi ne uban da za a kwafa.

Silikon na yin mol iri biyu ne a kasuwa, mai daskarewa da sinadarin tin da mai daskarewa da filatinam. Kai na tin ɗin za ka nema, ya fi araha kuma ba shi da tsirfa, yawanci fari ne a bokiti da 'yar kwalbar ruwan daskararwa ana sa kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. Na filatinam ya fi daɗewa kuma kusan ba ya tsukewa, amma in ya taɓa safar hannu ta latas ko yumɓun wasan yara mai farar wuta a ciki, wurin ba zai daskare ba har abada, sai ka buɗe ka tarar da kwaɓi. Ka tambayi masu sayar da kemikal a Sabon Gari ko masu aikin ado na POP da masu faiba, su ne suke ta'ammali da shi, da yawa daga kasuwar kemikal ta Ojota a Legas ake kawo musu. Ka nemi mai matsakaicin tauri, wanda aka rubuta 20 zuwa 30 a jikinsa. In duk bai samu ba akwai dabarar talaka: silikon na kwalin nan da masu gilashi da alminiyam suke matsawa da bindiga, mai warin tsami, ka matso shi ka kwaɓa da garin sitaci har ya daina kama hannu, ka danna shi a jikin abin da kake son kwafa, cikin ƙasa da awa ɗaya ya kama. Yana tsukewa kuma ba ya ɗauko ƙananan zane sosai, amma ga ƙwallon hannu ya wadatar.

Yanzu inda aikin yake na gaskiya, kuma inda mutane suke gaggawa, shi ne gyaran uban kafin a zuba masa silikon. Silikon ba ya yafiya, duk ƙarzuwa da tsaga da dattin shekara arba'in da ke jikin ƙwallon nan sai ya ɗauko, har zanen yatsanka in ka bari, kuma duk wanda ka zuba daga baya da wannan tabon zai fito. Sai ka wanke shi da omo da tsohon burushin haƙori, ka cike ramuka da fila irin ta masu fanel bita, in wani ɓangare ya gutsure ka gina shi da filar ka daidaita da magagari, ka bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka fesa masa fenti siriri ya bushe sarai. In ya fito da sheƙi abin da ka zuba ma da sheƙi zai fito ba sai ka goge ba. Amma in za ka goga tsohuwar Bakelite ka jiƙa samfefar da ruwa, don wasu tsofaffin an cakuɗa su da asbestos, ƙurarsa ce take jawo ciwon huhu bayan shekaru, ba abin wasa ba ne.

Mol ɗin ƙwallo gida biyu ake yi. Ka haɗa ɗan akwati da falanki ko ka yanke gindin robar ruwa, ya zama akwai tazarar akalla santimita 1 tsakanin ƙwallon da bango ta ko'ina. Ka binne rabin ƙwallon a yumɓun wasan yara, ba yumɓun rafi mai ruwa ba, ka lallashe saman ya yi sumul daidai tsakiyar ƙwallon, sannan ka ɗauki gindin fensir ka danna ramuka uku ko huɗu a yumɓun, su ne za su zama makullin da zai sa gida biyun su zauna daidai ba su goce ba. Don kar ka yi asarar silikon, ka fara cika akwatin da gero ko shinkafa ka juye a kofi ka ga iya inda ya tsaya, iya nan za ka kwaɓa. Ka kwaɓa a hankali kana kankare gefe da gindin kofin, ka fara shafa siriri a jikin ƙwallon da ɗan burushi don ya kori iska daga lunguna, sauran kuma ka ɗaga kofin sama ka tsiyaya siririn zare a kusurwa ɗaya ka bar shi ya malala da kansa ya rufe, kar ka zuba a kan ƙwallon kai tsaye. Ka bubbuga teburin. Ka bar shi ya kwana. Washegari ka juya akwatin ka cire yumɓun ba tare da ka motsa ƙwallon ba, ka shafa basilin siriri a duk fuskar silikon ɗin, wannan kar ka manta da shi don silikon ba ya kama komai sai ɗan'uwansa silikon, in ka manta gida biyun za su zama ɗaya sai ka sa reza ka haƙo ƙwallonka. Sai ka zuba gida na biyu.

Dole a bar ƙofar zubawa da ƙofar fitar iska. Ga ƙwallo abin da sauƙi, gindin da hannun ƙarfen yake shiga shi za ka sa ya kalli sama, nan ne ƙofar. In abu ne mai kunnuwa ko lanƙwasa, duk wurin da ya fi tsayi ka manna masa tsinken ashana ko guntun waya ya fito waje kafin ka zuba silikon, in ka zare ya bar 'yar hanya, in ba haka ba iska za ta maƙale a nan ka samu rami.

Sai maganar zare, wato inda ake ɗaurawa. Kar ka dogara da zaren resin, kwana kaɗan zai cinye. Noti na ƙarfe ake binnewa a ciki. Ka ɗaura notin a bolti, ka shafe zaren boltin da basilin ka toshe ƙarshen notin da ɗan kakin kyandir, shi kuma bayan notin ka wanke shi da tina ya rabu da maiƙo ka ɗan yi masa tsaga-tsaga da zarto don resin ya samu abin kamawa, ka rataye boltin a tsakiyar mol ɗin da ɗan katako da ka huda, ka zuba, in ya daskare ka warware boltin ya bar notin a ciki. Amma ka lura da wannan sosai: tsofaffin injinan Ingila da yawa zarensu Whitworth ne, tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, awon inci ne kuma kusurwar haƙorinsa digiri 55, na mita da ake sayarwa yanzu kuwa digiri 60. Notin M6 zai yi kamar zai hau kan kwata inci, ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, in ka matsa da sifana ka lalata zaren hannun injin da ba za ka samu wani ba. Ka kwance hannun guda ɗaya ka sa a aljihu ka shiga Ƙofar Ruwa wurin masu tsofaffin noti ka gwada har ka samu wanda yake hawa da yatsa har ƙarshe. In fasassun ƙwallayen suna nan ka duba cikinsu, sau da yawa akwai bushin tagulla mai zare, ka fasa ka ciro shi, ya fi duk wanda za ka saya.

Shi resin ɗin uku ne za ka ci karo da su. Na masu faiba, wato foliyesta, shi ya fi sauƙin samu ya fi araha, ana ɗiga masa ruwan daskararwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, yana da wari mai hawa kai, yana tsukewa sosai kuma shi kaɗai in ya faɗi a siminti yana iya fashewa, sai an haɗa masa yankakken zaren faiba ko garin katako busasshe. Ruwan daskararwar nan tasa ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, ka sa tabarau, kuma in an ba ka wani ruwa mai launin shunayya da ake ce wa kobal, a cikin resin ake fara juya shi ya game tukun, in ya haɗu da ruwan daskararwar kai tsaye wuta ce take tashi. Na biyu ifoksi, dangin Araldite amma na zubi mai ruwa-ruwa wanda ake sayarwa a kwalba biyu, ba na 'yan bututun nan mai kamawa a minti 5 ba. Shi na fi so ga mai koyo, yana ba ka lokaci, yana kama ƙarfe da kyau, ba ya tsukewa sosai, sai dai ka jira kwana guda. Awonsa ba a yi masa wayo, in an ce biyu da ɗaya to biyu da ɗaya ne, ƙara masa ruwan daskararwa ba ya sa shi sauri sai dai ya bar maka abu mai danƙo da ba zai taɓa bushewa ba, kuma ka duba ko da nauyi ake nufi ko da yawa don ba ɗaya ba ne. Ƙaramin sikelin masu gwal ko sirinji biyu na kemis sun isa. Na uku foliyuritan, yawanci ɗaya da ɗaya, shi ya fi kama da robar kamfani kuma ya fi jure duka, yana kamawa cikin 'yan mintuna, amma abokin gabarsa ruwa ne, ko laimar iska ya sha sai ya yi kumfa ya kumbura.

Nan ne yanayin garinmu yake shigowa, abin da takardar jikin kwalbar ba za ta faɗa maka ba don su a ɗaki mai digiri 23 zuwa 25 suka auna. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikinka da kusan rabi. Resin da aka rubuta minti 6 a watan Afrilu da rana a ƙarƙashin kwano a Jigawa, zafi ya haura 40, kafin ka gama juyawa ya fara ɗumi a hannunka. Saboda haka da bazara bayan sallar asuba ake zubi, ka kwana da kwalaben a gindin randa su yi sanyi amma ka goge jikinsu kar ɗigon ruwa ya faɗa kofin. Da damina, musamman Agusta, ka bar foliyuritan ya huta, ko ka shanya mol ɗin a rana ya bushe ƙayau kuma ka juya da tsinken roba ko ƙarfe maimakon itace. Hunturu shi ne lokacin zubi, iska a bushe, sai dai ƙura, ka kifa kwali a kai, kuma in sanyin safe ya sa ifoksi ya yi kauri ka ɗan ajiye kwalaben a rana kafin ka haɗa. Kar ka kwaɓa da yawa a kofi ɗaya ka ajiye, da kansa yake haifar da zafi, mai yawa a wuri ɗaya yana iya hayaƙi ya narka kofin. Ka yi aikin a waje ko bakin ƙofa da safar hannu, ifoksi in ya saba taɓa fata wata rana sai jiki ya ƙi shi, ƙaiƙayi da ƙuraje duk sanda ka kusance shi.

Launi kuma, garin kalar da masu siminti suke sawa, baƙi ko ja, busasshe, ɗan kaɗan ya isa. Ban da fentin ruwa. Bayan ka cire daga mol ka yanke bakin zubin ka goge layin tsakiya, ka shanya shi a rana mai zafi yini guda ko biyu, wannan gashin yana ƙara masa tauri, don ifoksi na gama-gari yana fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60. Mol ɗaya in ka kula da shi zai ba ka gommai kafin ya fara yagewa, kaga in akwai masu irin injinka a Ringim ko Gujungu ka samu 'yar sana'a a gefe.

Wannan lambar ta 50 zuwa 60 ita ce ta kawo mu kan diril. Ƙanena ka rufa wa kanka asiri kar ka zuba komai a jikinta. Ka duba farantin da ke jiki, in ka ga alamar murabba'i a cikin murabba'i, ma'anarta babu wayar ƙasa, robar jikin ita ce kaɗai tsakanin tafin hannunka da wuta mai ƙarfin volt 230, ga gumi ga ƙasa a jiƙe wani lokacin ga janareto da wutarsa take hawa da sauka. Irin wannan jikin ana yinsa da robar da aka gwada ta da zafi da duka, a na baya-bayan nan za ka ga an rubuta PA6-GF30 a ciki, wato nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari, babu resin ɗin kofi da zai kamo ƙafarsa. Marfin burushi kuwa a kan wuta yake zaune kai tsaye, ga tartsatsi ga zafi, in ya yi laushi sifirin ya turo shi waje ƙarfe mai wuta ne zai leƙo daidai inda hannunka yake, balle in ka sa masa garin gawayi ko na alminiyam don kala. Wannan marfin ba shi da tsada, masu rewayin suna da buhun matattun diril da giranda, ka kai ɗayan da ya rage su gwada maka, jikin ma a wurinsu za ka nemi na wata da koyil ɗinta ya ƙone. Haka fankar da ke kan amecha, wato sandar da ke juyawa a cikin motar diril ɗin, tana juyi sama da dubu ashirin a minti, in ta zubi ce ta tarwatse. Duk abin da ke kare ka daga dutsen giranda ma haka, ƙaramar girandar nan dutsenta yana juyi wajen 11,000 a minti.

Mariƙin filen kuma abin ya ɗan ba ni dariya, kai da kake kafinta ɗan kafinta. Su kansu kamfanin Stanley masu ƙera filen da katako suka fara yinsa, tsofaffin na rozwud ne, daga baya ne don rage kuɗi aka koma roba. Ka manna karyayyen da sufa gulu don ya ba ka siffa, ka kwanta shi a kan katako ka zana, ka fara huda ramin dogon kusan tun katakon yana da kusurwa huɗu kafin ka sassaƙa, don ramin a karkace yake kuma shi ne mai wuyar. Madobiya in ka samu busasshiya ita ce 'yar'uwar waccan, in babu ga maɗaci ga ƙirya ga marke. Zai fi na roba daɗin riƙo da gumi. Dogon kusan nan da notin tagullarsa ka adana su da kyau, zaren Stanley nasu ne su kaɗai ba ya hawa da na kasuwa, kuma yawanci sakinsa ne yake sa mariƙin ya yi ta girgiɗi har ya karye, ka riƙa ɗaure shi.

Af, in akwai wani babban abu irin keken juyawa na ɗaga tebur wanda ba ruwansa da lantarki, kar ka ɓata resin, ka gyara uban ka kai wa masu zubin tukunyar alminiyam su danna shi a yashi su zuba maka. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, yana tsukewa sama da kashi 1 cikin ɗari kaɗan, sai ka ƙara wa uban kaurin fila a inda za a huda ko a goge.

Saura giya. Farar giyar nan ko nailan ce ko asital, wanda kamfanin DuPont ya fitar da sunan Delrin wajen 1960, robobi ne masu santsi da jure gugar haƙori da haƙori, kuma sau da yawa da gangan ake sa ta roba a tsakanin na ƙarfe don in inji ya cije ita ta fara zubewa a tsira da motar injin da sauran giyoyin. Shi ya sa ban son a mayar da ita ta ƙarfe ko alminiyam, ranar da katako ya maƙale abin da ya fi ta tsada ne zai tafi. Ta resin kuwa za ta fito kyakkyawa a ido, ta yi 'yan kwanaki haƙoran su fara gutsurewa, ga shi uban da za ka kwafa ma haƙoransa sun riga sun cinye, lalatacciya za ka kwafo. Masu buga abu da injin 3D ma in za su yi maka ka tabbatar nailan ne, robar PLA da suka fi amfani da ita tana laushi a wajen digiri 60, cikin inji ba za ta kai ko'ina ba. Abin da ya dace shi ne a yanka sabuwa daga sandar nailan a wurin masu tona, wato masu injin feƙe ƙarfe, da suke da injin yanka haƙori a cikin Kano. Kafin ka biya kuɗin mota ka ƙirga haƙoran har da guraben waɗanda suka zube, ka auna faɗinta daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu, a milimita, sai ka raba faɗin da adadin haƙoran bayan ka ƙara 2. Misali haƙori 40 faɗi milimita 42, ka raba 42 da 42 ya ba ka 1, girman haƙorin kenan, su masu tona modul suke ce masa. In lissafin ya ba ka 1 ko 1.5 ko 2 to ta mita ce, har ana iya dacewa da ta kanti a gyara ramin tsakiya kawai. In ya fito da wata lamba mara kai kamar 1.27 ko 1.59 to awon inci ne, ka faɗa wa mai tonan tun kafin ya ɗora. Ka tafi da tsohuwar giyar da abokiyar cizonta ta ƙarfe da shaf ɗin da take zaune a kai, duka ukun, ya gwada a gabanka kafin ka baro wurin.